Kujerar Maɗaci ta Tanna

Shekarar da fari ya cinye gero, har sojoji ke rabon dawa a Tasawa, kowa ya sayar da abin da ya mallaka, ban da wata bazawara, Tanna. Kujerar maɗacin da ta gada wurin kakarta ta koɗe, ta yi furu-furu, amma ta ƙi rabuwa da ita. Wani dare bayan isha'i ta zauna tsakar gida, ta dangwali ɗan man gyaɗan da ya rage mata, tana murza itacen da tsumma har jansa ya fara dawowa.

Sai ga sallama a bakin danga. Wani dogon tsoho ne, muryarsa kamar kukan reshe cikin iska.

"Baiwar Allah, ba ni kujerata."

"Taka? Baba, yunwa ma ba ta amshe ta ba, balle kai."

"Tun ba a sare ta ba nike zaune cikinta."

"To, ni ke ba ta mai. Kai mi ka taɓa ba ta?"

Ta ƙara dangwalo man, ta murza hannun kujerar da ƙarfi, sannan ta ɗaga fitila. Jikin tsohon duk a bushe yake, ya tsattsage, sai damtsensa na dama ne kawai ke sheƙi, mai yana gangarowa zuwa gwiwar hannu.