Ruwan Teku a Falon Mama

Idanun Larai a rufe suke ranar da Ishaku ya fara ganinta. Keken da suke ciki ya hau gadar kogin Kaduna zai tsallaka Barnawa, ita kuwa ta ƙanƙame ƙarfen gefe.

"'Yar'uwa, lafiya?" ya tambaye ta.

"In mun wuce gadar ka faɗa min."

Da suka wuce ya faɗa mata. Ta buɗe ido ta ga dogon saurayi yana ta fama da murmushi, kunya ta rufe ta. Kafin su rabu ya san tela ce a Romi, ya kuma san ambaliyar kogin nan ce ta tafi da mahaifinta tana ƙarama, ko gawarsa ba a gani ba. Shi kuma hutu ya zo. Kuku ne a wani otal da ke tsibiri a tsakiyar teku, inda ko'ina ka juya ruwa ne.

"Yesu!" ta ce. "Kuma kana iya barci?"

Kafin hutunsa ya ƙare soyayya ta yi nisa, har danginsa sun kai gaisuwa, Mama, mahaifiyar Larai, ta karɓa da hannu biyu. Da ya koma sai waya ta ɗauki aiki.

"Gimbiyata, yau na yi wa Turawa miyar kuka, ɗaya har ya nemi ƙari. Amma ke nake so in dafa wa har tsufa. Kin ci abinci?"

"Na ci, Kukuna. Kai dai ka yi nesa da ruwan nan."

Da ya ji magana da an zauna lafiya. Wata safiya ta tashi ta tarar da bidiyo, da saƙo a ƙasansa:

"Ga abin da nake so ki gani da idonki wata rana. Wasu ƙananan halittu ne a tekun, in an motsa su da dare sai su yi haske. Babu zafi. Ke na tuna."

Ta kunna. Duhu ne baƙi ƙirin, sai ga Ishaku yana iyo, shuɗiyar wuta na bin hannuwansa. Ya miƙe tsaye, hasken na zuba daga gashinsa zuwa ƙirjinsa, yana dariya. Tsigar jikin Larai ta tashi.

Kuskurenta ɗaya, ta tura wa Vivian, 'yar ƙanwar Mama, wadda tun ranar gaisuwa take yi wa Ishaku kallon ƙasa-ƙasa. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin 'yan zumuntar matan coci.

Mama ta dawo gida ko ɗankwali babu. "Ɗan Adam yana ci da wuta a cikin ruwa? Matar ruwa ce ta aure shi! Ruwa ya ci mijina, ba zai ci 'yata ba. A mayar musu da kayansu."

Larai ta yi kuka, ta yi roƙo. Abin da bai bari ta runtsa ba shi ne ita kanta ba ta da tabbas. Tana son Ishaku kamar ranta, amma in wayarta ta yi ƙara sai ta yi jinkirin ɗauka. Takan yi mafarkin yana miƙo mata hannu daga ƙarƙashin gada.

Da ƙyar Fasto Wilfred ya shawo kan Mama, ta kafa sharaɗi. In gaskiya ne hasken na ruwan ne, Ishaku ya zo da shi a gani. In ba haka ba, babu aure.

"Zan kawo," ya rubuto. "Ko tekun duka ta ce, zan nemi jarka. Kada ki ji tsorona, Larai. Shi ne kawai ba zan iya ɗauka ba."

Ya sauka ranar Asabar, ya rame. Da tsakar rana aka toshe tagogin falon Mama da barguna, falon ya yi duhu. Dangi sun cika, Vivian na bakin ƙofa. Fasto ya yi doguwar addu'a a kan gorar roba da Ishaku ya ajiye a tebur, sannan ya ce a girgiza.

Ishaku ya girgiza. Babu komai.

Ya sake girgizawa da ƙarfi. Ya buɗe murfin, wani ƙarni ya cika falon. Larai tana jin numfashinsa yana sarƙewa.

"To, kun gani," muryar Vivian ta fito daga duhu. "Ba a ruwan hasken yake ba. A jikinsa yake."

Wata tsohuwa ta kira sunan Yesu. Kujeru suka fara ja da baya. Zuciyar Larai na cewa ta gudu. Sai ta ji Ishaku ya kira sunanta a hankali, muryarsa na karkarwa. Ashe shi ma tsoro yake ji, kuma ita yake tsoron rasawa.

Ta lalubi gorar. Ta kamo hannunsa, ta tuttula ruwan a kan hannuwansu biyu, har ya jiƙa mata zane. Ruwan da sanyi, da yauƙi. Ta datse haƙora ta cuɗa shi a fatarsa, tana jiran wuta ta tashi.

Duhun bai motsa ba.

"Mama, duba," ta ce, hawaye na zuba. "Ga ruwan, ga jikinsa, ga nawa. Ina wutar?"

Can sai Mama ta rangaɗa guɗa. "Halleluya! Addu'a ta kashe ta! An kwance yarona!"

Aka yaye bargunan, haske ya shigo. Ishaku ya buɗe baki. "A'a Mama, ai halittun ne suka mutu a hanya, saboda..."

Larai ta taka masa ƙafa da dukan ƙarfinta.

"Amin, Mama," ya ce.

An ɗaura auren a cocinsu na Romi kafin Kirsimeti, Vivian ma ta yi rawa, ko da yake ba ta daɗe ba. Da za su tafi, suka durƙusa gaban Mama. Ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta ɗora hannu a kan Ishaku.

"Na san can za ka kai ta, na kuma san wata rana za ta shiga ruwan nan, don taurin kan ubanta ta ɗauko. Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zuriya. Amma ɗana, ko a gwiwa ruwan ya tsaya, kada ka saki hannunta."

"Ba zan saki ba, Mama," ya ce.