Yatsu Biyun Rabilu

Ku matso, kuma ku rage murya. Kun san Rabilu mai gyaran injin surfani na kwamfuta, wanda yatsunsa uku suka shanye? Yaran unguwa na cewa wuta ce ta ja shi. Wallahi ba wuta ba ce.

Wata Juma'a Hajiya Zinaru ta kira shi shagonta, wanda aka gina a kan tsohon kududdufi. Ta ce allurar injinta tana kauce wa zane, ta ɓata mata shadda biyu. Aka kira salla, teloli suka watse. Rabilu ya ce bari ya ƙarasa tukuna. Kuskurensa ke nan.

Yana buɗe bayan injin ya yi tsaki. Wani mai son tsafta ya ɗaure siraran wayoyin da ke kai wa motar da ke juya injin umarni tare da kauraran da ke kai mata wuta, ƙulli guda. In aka haɗa su haka, hayaniyar wuta tana kutsawa cikin umarni, motar ta yi taku ba wanda ya sa ta. Maganin shi ne a raba su, a sa wata 'yar na'ura a tsakani mai miƙa umarni da haske kawai, ba waya. Yana da irinta a aljihu.

"Bar su a haɗe, yaro."

Wani tsoho ne zaune kan bandir ɗin shadda, dab da makunnin wuta. Muryarsa tana gurnani irin na mota.

"Baba, yaushe ka shigo?"

"Kafin a gina shagon. Ta wayoyin nan muke ɗinki."

Rabilu ya kalli ƙasa. Kofato ya gani a madadin ƙafafun tsohon.

Injin ya tashi da kansa. Tak, tak, tak. Allura ta fara zana tafin hannu da jan zare a kan ƙyallen da ke kan injin. Ta gama ɗan ƙaramin yatsa, sai ƙaramin yatsan Rabilu na dama ya yi sanyi, ya mutu. Innalillahi! Hannun da yake ci da iyalinsa. 

Makunni na bayan tsohon, ba halin zuwa. Ya zura hannu cikin injin yana aiki. Ya tsinke ƙullin da filaya. Yatsa na biyu ya tafi. Ya ja siraran wayoyin gefe, bakinsa na karanta duk addu'ar da ta zo. Na uku ya tafi, filaya ta faɗi. Da yatsu biyun da suka rage ya tura 'yar na'urar a gurbinta.

Allura ta tsaya cak.

Tsohon ya yi ta gurnani, injin bai motsa ba. Ya miƙe, ya yage ƙyallen, ya ninke.

"Saura biyu," ya ce. "Ba ma barin aiki a rabi. Akwai injuna da yawa a garin nan."

Shi ya sa kuke ganinsa shago-shago yana leƙa bayan injin mutane, ko ba a kira shi ba, yana raba wayoyi kyauta. Teloli na yi masa dariya.

Kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a shagon Hajiya Zinaru. Jiya na gaishe shi, ya ba ni hannun hagu.