Gidan da Ba a Kunna Turare

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Asabar rahoto ya iso teburin Sufeto Sharfuddeen. Wata farar Toyota ta hango shingen 'yan sanda masu gwajin barasa a unguwar Al Qusais da ke Dubai, ta juya da gudu ta faɗa lungun sito-sito, ta banke wani mai kai saƙo a babur ta karya masa ƙafa. Direban ya bar motar ya gudu. Kyamara ba ta kama komai ba sai farar jallabiya da hula.

Kafin a nemi mai motar sai ga shi ya kawo kansa ofis. Alhaji Dikko ne, ɗan Kano mai harkar jigilar kaya a kasuwar Murshid Bazaar, shekara ashirin da biyu a Dubai. Aka haɗa shi da Sharfuddeen, domin shi kaɗai ke jin Hausa a wurin. Kakannin Sufeton alhazai ne Hausawa da suka yada zango a Sudan.

Alhajin ya ce shi ke tuƙi. Aka ba shi na'ura ya busa, babu ko ɗigon giya. Busawar ma da ƙyar ya ƙarasa ta.

"To me ya sa ka gudu, Alhaji?"

"Lasisina na manta a gida, ranka ya daɗe. Tsoro ne kawai."

"Ta wane ɓangare mai babur ɗin ya fito?"

Alhaji ya ce ta dama. Ta hagu ya fito. Sufeto bai gyara masa ba, ya dai nemi ya bar wayarsa a kan tebur, ya kuwa bari ba musu.

Da Sufeto ya je ya buɗe motar sai da ya ja da baya. Ƙamshin turaren oud ya cika ta har yana hawa kai. Ga kwalbar a ƙasan kujera an juye ta tas, ga kanumfari da aka tattauna aka tofar. Ya san dabarar: masu shan giya suna zaton wannan yana ruɗa na'ura. Mutumin da bai sha komai ba, warin me yake ɓoyewa?

Ya ɗauki Alhajin a mota suka nufi gidansa, ya bar shi a ƙasa tare da saje, ya hau bene shi kaɗai.

Hajiya Maimuna, matar Alhaji, ta buɗe ƙofa da jajayen idanu. Ta kawo shayi. Sufeto ya zauna yana shaƙar iskar falon. Ya shiga gidajen Kanawa da yawa a garin nan, tun daga lif ƙamshin turaren wuta ke tarar mutum. Nan kuwa babu ko kasko.

Ya yi mata wasa cewa yau ya ga gidan Bakanuwa da ba a kunna turare. Ta yi murmushin dole, ta ce ai Alhaji asma gare shi, shekara goma sha biyu rabon da ta ɗora garwashi; ko baƙuwa ce ta shafa turare mai ƙarfi, sai ya kwana yana neman numfashi. Tana rufe baki ta gane abin da ta faɗa. Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, wa kuma ke da makullin motar?"

Idonta ya tafi ƙofar ɗakin da ke rufe.

Zailani ya fito, ɗansu ɗaya tilo, mai shekara ashirin da shida, yana aiki a wani kamfanin sayar da gidaje. Ya yi wanka ya sauya kaya, amma ƙamshin ya riga shi isowa. Ya harɗe hannu ya ce tun azahar yake barci. Ya ƙara da cewa ya san 'yancinsa: yana da ikon yin shiru, kuma ba mai tilasta masa busa komai.

"A ina ka karanto wannan, yaro na?"

"A intanet. Kowa ya sani."

Sufeto ya ce lauya kam haƙƙinsa ne, za a bar shi ya kira. Sauran kuwa dokar wata ƙasa ce ya haddace. A nan wanda ya ƙi busawa asibiti ake kai shi a ɗebi jini. Sannan ya fito da wayar Alhaji, ya buɗe zauren WhatsApp na Kanawan unguwar Deira, inda ake sanar da rasuwa da suna da isowar kwantena, ake kuma yi wa juna ishara in an ga abin gudu a hanya. Ya karanta a hankali: "'Yan uwa, akwai shinge a Al Qusais kusa da sito, a kauce." Ƙarfe huɗu da minti shida. Sunan Zailani ne a kai, mutum tara sun yi masa godiya.

"Kana barci a ɗaki ka ga shingen?"

Zailani ya sauke hannuwan da ya harɗe. Sufeto bai ɗaga murya ba. Ya ce takardar amsa laifin Alhaji tana mota, sa hannu kawai ya rage. A buge mutum a tsere laifi ne na ɗauri, bayansa wataƙila kora daga ƙasar. Ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin yadda mai asma ke kwana a rufaffen ɗaki da mutum ashirin.

"Baba ne ya ce in yi shiru," in ji Zailani. "Daga walimar abokan aiki nake a otal. Kofi uku na sha. Ni ne."

Suka sauko, Zailani da ankwa a hannu. Alhaji Dikko ya fito daga mota, ya dubi ankwa, ya dubi Sufeto, bai roƙi komai ba. Ya tambayi asibitin da aka kwantar da mai babur, aka faɗa masa. Sannan ya matso ya rungume ɗansa. Turaren ya shige masa ƙirji, tari ya turnuƙe shi, saje ya miƙa hannu zai raba su. Sufeto ya girgiza masa kai. Suka tsaya suna jira har Alhajin ya saki da kansa.