Makin Hanatu

Zubaidatu na zaune a tsakar gidansu a Gwarzo, laftof a cinya, tana ɗaga waya sama tana neman netwok, sai ga sallamar Hajiya Zinnira, mahaifiyar Badruddeen, saurayin da za ta aura bayan Sallah. Tun daga ƙauyen Dugabau na ƙasar Kabo ta taso, ko waya ba ta yi ba. Inna ta shimfiɗa tabarma, aka yi doguwar gaisuwa, amma ruwan da aka kawo ko kallonsa Hajiya ba ta yi ba.

"Ke ce kika kayar da Hanatu?"

Zubaidatu ta ajiye laftof ɗin. Hanatu ƙanwar Badruddeen ce, kuma ɗalibarta ce a kwalejin da take koyar da kasuwanci. A wannan zangon ne ta haɗa ajinta da na wata malama a Indunusiya, suna karatu ta intanet. Ita da kanta ta tsara aikin, ta sha wahalarsa: aka raba ɗalibai guruf-guruf, 'yan nan da 'yan can a cakuɗe, kowane guruf ya rubuta yadda za a sayar da riɗin Kabo a ƙasar waje. Rabin maki na aikin ne, rabi kuma 'yan guruf ne ke ba junansu gwargwadon gudummawar kowa.

"Hajiya, ba ni kaɗai ke ba da makin ba. 'Yan guruf ɗinsu ne suka ce ba ta cewa komai..."

"Yau na ji ikon Allah! Mutanen da ko riɗi ba su taɓa shukawa ba ne za su auna 'yar manomin Dugabau? To ki gyara. Yarinyar da ba ta yi wa dangin miji kara tun a waje ba, ban ga abin da za ta yi a ciki ba. Maganar biki a dakata!"

Ta yafa mayafi ta fice, ta bar Inna da salati.

Da yamma Badruddeen ya zo zaure, fuska a yamutse.

"Haba Zubaida, ɗan maki ne fa. Ki danna kawai, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya. Malamar can ma tana gani. Sauran ɗaliban da ba su da yaya mai neman aurena fa, su wa zai danna musu?"

"Wato aikinki ya fi ni ke nan?"

Ta juya ta bar shi a zaure. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Mutumin da ya riƙa yabonta a kan gaskiya, yau shi ne yake roƙonta ta ci amana, kuma har da fushinsa!

Kwanaki suka shuɗe babu kira. Maimakon ta zauna jiran waya, ta buɗe bidiyon taron guruf ɗin su Hanatu, netwok na yankewa tana tsaki tana sake kunnawa. A nan ta ga abin da ya faru. A guruf ɗin akwai wani dattijo ɗan Indunusiya mai furfura, sa'an baban Hanatu, da ya koma karatu bayan ritaya. Yana ta zuba bayani, har ya sa girbin riɗi a tsakiyar damina. Hanatu ta ɗago kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne." Zubaidatu ta duba sauran guruf-guruf, duk inda akwai babba, ɗalibanta sun zama kurame. Haushin kanta ya kama ta, don tsarinta bakin mai surutu kawai yake aunawa.

Ta tuntuɓi malamar can, suka yi ta ja-in-ja kafin ta yarda. Aka ƙara wani aiki ga ajin gaba ɗaya: kowane ɗalibi a ba shi lokacinsa shi kaɗai, ba mai katse shi, ya faɗa wa guruf kuskure ɗaya da ya gani a aikinsu.

"Anti, ni wallahi ba zan iya ba," in ji Hanatu, ido ya ciko. "Sa'an Baba ne fa! Ki taimaka ki ƙara min kawai."

"Ba zagi na ce ki yi ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki faɗi abin da kika sani. Maki kam ba zan ƙara ba, ko da auren zai fasu."

Ranar taron, a ɗakin Hajiya Hanatu ta kunna waya, don nan ne netwok ya fi kamawa. Ta gaishe da dattijon, ta ce a gafarce ta, amma riɗi sai ruwa ya ɗauke ake yankansa, a jingine shi ya bushe, in ba haka ba ya lalace. Dattijon ya dafa ƙirji yana godiya, ya ce me ya hana ta faɗa tun farko? Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta ga babban mutum ya ɗauki biro yana rubuta maganar 'yarta. Badruddeen da ke bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da kowa.

Hanatu ta haye, ba da wani babban maki ba, amma nata ne. Badruddeen ya zo ya ba da haƙuri, Zubaidatu ta ja masa aji son ranta kafin ta sauko. Ranar Juma'a Hajiya ta dawo Gwarzo, wannan karon ta shanye ruwan Inna tas.

"Da kin bi tawa, da har yau yarinyar nan bakinta a rufe yake. A sa rana."

Haka Zubaidatu ta samu mijinta ba tare da ta sayar da amanarta ba. Duk son da sai an ci amana zai tsaya, to ba zai daɗe ba, wanda kuwa ya yi haƙuri a kan gaskiya, waɗanda suka juya masa baya su ne za su dawo neman sa.