Warwaron da Ba a Rufe Ba

Da hantsi ranar Talata wani manomi ya shigo caji ofis na Gwaram da jini a rigarsa. Ya ce ba nasa ba ne. Wata mata ya tsinta kwance a hanyar yanke da ta tashi daga Farin Dutse ta ɓulla Kwandiko, an fasa mata ƙeya, ya ɗora ta a amalanke ya kai asibiti.

"Ka san ta?" in ji Insifekta Haladu.

"Wa bai san ta ba, Yallaɓai? Juliana mai keke ce."

"Ina keken?"

"Shi ne ban gani ba. Har akwatin."

Haladu ya san ta daga nesa, kamar kowa. Mace ce 'yar ƙasar Bogoro, siririya, ta ba hamsin baya, da malafa a kan ɗankwali da akwatin gwangwani ɗaure a kariyar kekenta. Tana ƙera warwaro da zobe da 'yan kunne da wayar tagulla da ta farin ƙarfen goran ruwa. Idan ruwa ya fara ɗaukewa takan taso daga Bauchi, ta bi Ningi, ta ratsa Gwaram da Birnin Kudu, sai ta dangana da Maigatari take juyowa. Tun tana da sauran ƙuruciya maza suke yi mata dariya a bakin titi. Da yawa cikin masu dariyar sun mutu ba su taɓa wuce Dutse ba.

A asibiti ya same ta zaune, kai naɗe da bandeji. Wani saurayi sanye da ƙananan kaya, da makullin mota a hannu, yana tsaye a kanta. Ɗanta ne, Marvelous, an kira shi daga Jos.

"Sannu, Mama. Kin ga wanda ya buge ki?"

"Da na gan shi, da shi kuka tarar a gadon nan," in ji ta. "Taya ce ta yi faci. Na kifa keken, na sunkuya, shi ke nan."

"Yallaɓai, ba sai kun wahala ba," in ji ɗan. "Na zo tafiya da ita. Yawon ya isa haka."

Juliana ba ta dube shi ba. "Mun yi magana da shi. In ba a ga keken da akwatin ba, na bi shi, in je in zauna ina kallon bango. Keken na babansa ne. Kayan aikin kuwa hannuna ne ya cinye ƙotocinsu. A shekaruna ba zan tsaya koya wa sabuwar filaya hali ba."

"In an gani fa?"

"In an gani, ya koma shi kaɗai. Ya san hanya."

Haladu ya sha ganin waɗanda aka yi wa fashi. Galibi kuka suke yi, ko su ƙara a kan abin da aka ɗauke. Wannan ita ce ta farko da ta fi jin haushin an katse mata faci.

Ya ɗauki Kofur Prisca suka nufi wurin. Hanyar 'yar siririya ce, rairayi, gero ya tsaya ta kowane gefe ana jiran yanka. Prisca ce ta fara taka wani abu mai tsini, ta yi tsalle. Haladu ya tsuguna ya tona. Rassan aduwa ne, an saro su da adda, an jera su sun gilma hanya, an rufe da rairayi, ƙayoyin na kallon sama.

"Ba iska ce ta kawo su ba," in ji Prisca.

"A'a. Kuma wanda ya binne su ya san ta nan za ta bi. Me zai sa mai keke da kaya ta bar titi ta shigo rairayi?"

Sawun tayar da ta yi faci ya shiga gona, ya ɓace a inda shanu suka wuce.

A kasuwar Gwaram kowa ya nuna masa rumfa ɗaya: ta Badaru ɗan koli, wanda sarƙoƙinsa na kanti ke kwana a tire duk ranar da Juliana ta shigo gari.

"Ni da ita? Ko gaisawa ba ma yi, Yallaɓai. Ban san ma ta zo ba."

"An ce shekaranjiya ka tare ta a bakin masallaci kuna ta da jijiyar wuya."

Badaru ya gyara hularsa. "To, mun ɗan yi magana."

"Wadda ba kwa gaisawa."

"Sari na nema! Na ce ta ba ni warwaro in sa a rumfa mu raba riba. Ta ce ita ba ta sayar wa tire, hannu take sayar wa."

"Sai ka bi ta ka ɗauka kyauta."

"In yi me da su?" Badaru ya yi dariya, ta farko ta gaskiya. "Yallaɓai, duk abin da ke cikin akwatin nan ba a gama shi ba. A buɗe take yawo da su, bakinsu da kaifi kamar reza. Sai ta ga hannun mace, ta auna, ta yanke, ta goge bakin da magagari, sannan ta rufe shi a jikin hannun. Ba maɓalli, ba komai. Ai shi ya sa nake jin haushinta. Wanda ya san sana'ar nan ba zai ɗauki akwatin ba ko an biya shi."

Haladu ya bar shi. Maƙaryaci ne, amma irin mai yi wa kasuwa ƙarya.

A hanya ya ce da Prisca, "Ke kin san haka take aiki?"

Prisca ta ja hannun rigarta. Warwaron tagulla ne siriri, an murɗa shi kamar igiya, bakinsa biyu sun haɗu ba a ganin tsaga. "Kowace mace ta sani, Oga."

"Ni ban sani ba."

"Ina za ka sani? A tsakar gida take cin kasuwarta, bayan maza sun fita."

Haladu ya sake duban warwaron. Ya tuna marigayiyar matarsa tana da irinsa, kuma bai taɓa tambayar inda ta samo ba.

Washegari suka je Farin Dutse, gidan Inna Batulu, masaukin Juliana duk shekara. Tsohuwar ta fito zaure da kanta, idonta ja.

"Wanda ya taɓa Juliana ni ya taɓa, ɗan nan. Tabarma ɗaya muke kwana. Ita ta yi addu'arta, ni in yi sallata, mu ci tuwo. Ranar da na yi ciwon ƙafa, a bayan keken nan ta kai ni asibiti, gari na kallo."

"Inna, me ya sa ta bi yanke?"

"Ruwa ya cinye titi wajen gada. Iliyasu ne ya ce mata ta bi ta gonaki, ya fi sauƙi. Har zana mata ya yi a ƙasa."

"Wane ne Iliyasu?"

"Autana. Shi ne za a yi wa aure bayan kaka, wata yarinya a Surko, Ummussalma. Jiya ma da yamma can ya tafi zance, ya dawo baki har kunne."

Suka tarar da Iliyasu a gindin dalbejiya yana wasa lauje. Saurayi ne mai kyan gani, ya miƙe da ladabi.

"Ina kake da safiyar Talata?"

"Gona, Yallaɓai. Yankan gero."

"Ka san ta ina Mama Juliana za ta bi?"

"Ni ina ruwana da harkar mata? Ko fitarta ban gani ba."

"Madalla," in ji Haladu. "Allah ya sanya alheri a auren."

Bai kama shi ba. Ƙarya ɗaya ba keke ba ce. Amma in shi ne, a hannun budurwarsa za a ga warwaron. Washegari ya sa Prisca ta cire kaki, ta sa atamfa da mayafi, suka hau motar haya zuwa Birnin Kudu, daga nan suka kama ta Surko. Shi ya tsaya wajen mai shayi. Gidan da ba a shiga, ba a shiga, ko da sanda a hannu.

Ba ta daɗe ba ta fito da mata biyu: wata dattijuwa mai suna Hawwa, gwaggon yarinyar, da Ummussalma a bayanta, ta rufe hannun hagu da mayafi.

"Nuna masa," in ji Hawwa.

Wuyan hannun ya kumbura. Warwaron tagulla ya nutse cikin fata, an matse shi da ƙarfin tsiya har ya lanƙwashe, bakinsa ɗaya ya haye ɗaya, ya tsaga nama.

"Wa ya sa miki?"

"Iliyasu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce daga Kano ya sayo. Da ya ƙi zama, sai ya ari filaya wajen mai faci."

"Daga Kano!" Hawwa ta buga cinya. "Yallaɓai, tun daga ƙofa na gane murɗin Juliana. Ga nawa nan, tun auren fari. Na ce da yarinyar nan, Juliana ba ta barin bakin warwaro haka ko a hannun maƙiyinta. Dama jira nake ta iso Surko in tambaye ta. Ashe tana asibiti."

Da la'asar an kamo Iliyasu, yana zaune a benci a ofishin Haladu. Insifekta bai ɗaga murya ba. Ya turo masa wayarsa, hoton hannun Ummussalma a kai.

"Kano ka ce?"

Iliyasu ya dubi hoton, ya kau da kai.

"Innarka ta ce kai ka zana wa Mama Juliana hanya. Kai ka ce ko fitarta ba ka gani ba. Wanne zan rubuta? In kira Inna ta maimaita a gabanka?"

"Kada ka kira ta." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban yi niyyar dukanta ba. Akwai wani mai babur da ke zuwa wajen Ummussalma, kullum da tsaraba. Ni sai hannu. Na ce in taya ta yi faci, za ta bar keken ta tafi neman mai gyara, in ɗauki akwatin in gudu."

"Sai ba ta tafi ba."

"Sai ta kifa keken ta ciro kayan faci! Tana waƙa ma. Ina cikin gero ina kallo, na ga ta kusa gamawa..." Ya rufe fuska. "Ƙotar fartanya ce."

"Matar da take kwana ɗakin uwarka."

"Na ɗauka baƙuwa ce, Yallaɓai. Ba 'yar nan ba. Na ce ba wanda zai bi kadinta."

Haladu ya ajiye biro. Daga Bauchi zuwa Maigatari da wuya a sami ƙauyen da babu hannun da matar nan ta riƙe ta auna. Yaron ya girma a gidan da take sauka, amma bai taɓa tsayawa ya ga abin da ake yi a tsakar gidan ba.

"Ina keken?"

"Ƙarƙashin tarin kara, a gonarmu."

Washegari da safe aka kawo keken harabar caji ofis, da akwatin. Juliana ta sa ɗanta ya kawo ta a mota, bandeji da komai. Ba ta gaisa da kowa ba sai da ta buɗe akwatin ta taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya: filaya, magagari, 'yar guduma, da guntun ƙarfen dogo da take duka a kai. Sannan ta yafito Ummussalma, wadda Hawwa ta rako.

"Kawo hannun, 'yata. Kau da kai."

Murɗa ɗaya, warwaron ya buɗe. Yarinyar ta saki numfashi.

"In ya warke, ki jira ni a Surko. Zan yi miki na gaske."

Inna Batulu na rakuɓe a jikin katanga, ta kasa ɗaga ido. Juliana ta ce, ba tare da ta juya ba, "Batulu, ba ke kika buge ni ba. Baɗi ki share mini ɗakin."

Ta kifa keken a kan sirdi, ta zauna a ƙasa, ta ci gaba da facin daga inda aka katse ta.

A lokacin aka fito da Iliyasu da ankwa za a kai shi kotu. Da ya zo daidai ita sai ya durƙusa.

"Mama, ki yafe mini."

"Matsa," in ji ta. "Ka tare mini haske."

Saje ya ɗaga shi ya tura cikin mota, aka rufe ƙofa.

Marvelous ya tsaya yana juya makullinsa. Can ya jefa shi aljihu, ya naɗe hannun riga, ya karɓi famfo daga hannun uwarsa ya fara bugawa.

"Yallaɓai," in ji Juliana, tana latsa tayar da babban yatsa, "an gyara titin nan wajen gada kuwa?"

"Ba a gyara ba, Mama. Kuma likita ya ce ki huta."

"Zan huta ranar Lahadi." Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Ta yanken zan bi. Matan Kwandiko suna jira."