Sunan Yaya Ya Yi Ja

Auta tana durƙushe a falo tana goge wa Baba riga, sai Yaya Babba ya banko ƙofa ko sallama babu, ya cilla wayarsa kan kujera.

"Mama! Fito ki ga abin da 'yarki da saurayinta suka yi mini!"

Mama ta fito daga kicin tana share hannu da gefen zane. "Lafiya, kake kirana kamar gobara ta tashi?"

"Ina lafiya? Sunana ne ya yi ja a wayar kowa! Har shugaban birkiloli yana ce mini, 'Ranka ya daɗe, yau ka nuna kamar tumatir!' Ni! A kamfanin ubana!"

To, ga yadda abin yake. Baba yana da kamfanin gine-gine, a shekarar kuma ayyuka biyar suka haɗe masa: asibiti, makaranta, da gidaje uku. Da can komai a kansa yake. Da tsufa ya zo, sai ayyukan suka fara cin karo, a tura injin kwaɓa kankare wuri biyu a rana ɗaya, kafintoci su yini a zaune suna jiran katako. Baba ya ce a nemo manhajar tsara ayyuka, kuma Auta, da yake ita ke riƙe da ofis, ita za ta zaɓa.

Biyu aka kawo gwaji. Ɗaya Injiniya ya kawo, yaron kamfanin da aka riga aka yi maganar aurensa da Auta. A tasa, kowane aiki da sunan mai shi da ranar gamawa, kowa yana gani, wanda ya makara kuma sunansa ya yi ja. Ɗayar Yaya ya kawo, kyakkyawa mai zane-zane, amma manaja kaɗai ke rubuta inda aiki ya kai. Manajan kuwa shi ne Yaya. Abin da ya tada ƙura shi ne Injiniya ya rubuta odar rodin asibiti da sunan Yaya, kwana huɗu suka wuce ba a yi ba.

"Yaya, ai manhajar ce ke yi da kanta," in ji Auta a hankali. "Ko sunana ya yi ja shekaranjiya—"

"Rufe mini baki! Yaushe yaron da muke ba aiki ya fara ba ni aiki? Bai shigo gidan ba ma ke nan! Wallahi ko ni ko shi!"

Da ya fita, Mama ta zauna kusa da Auta, ta dafa kafaɗarta.

"Autata, ɗan'uwa rabin jiki ne. Miji ana samu, yaya kuwa ba a kasuwa ake sayo shi ba. Kada ki kunyata shi gaban leburori saboda abin cikin waya."

"Mama, ba abin waya ba ne, ginin mutane ne."

"Na dai roƙe ki. Ni na haife ki."

Ranar mitin zaɓen manhaja, Baba ya gyara tabarau ya dubi Auta. "Uwata, ke kika gwada su. Wacce ta fi?"

Auta ta dubi Injiniya, yana zaune da littafinsa, hankalinsa kwance, don ya san ta san amsar. Ta dubi Yaya, yana kaɗa makullin mota.

"Ta Yaya ta fi, Baba. Ɗayar tana da… tana da wahalar sha'ani."

Bayan an watse, Injiniya ya same ta a bakin matakala.

"Ranki ya daɗe, da kin ce 'ta Yaya nake so', da na ce to. Amma kika ce ta fi. Baba ya tambaye ki gaskiya, kika ba shi wani abu daban."

"Ka fahimce ni mana! Yayana ne!"

"Na fahimta. Abin da nake tsoro shi ne ranar da ni ma zan tambaye ki gaskiya."

Sati bai cika ba Yaya ya ƙirƙiro masa laifi, aka sallame shi. Maganar aure kuma aka ce a dakata tukuna. Injiniya bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya tattara takardunsa ya gaida Baba ya tafi.

Wata bakwai Auta tana buɗe kwamfuta kowace safiya, ayyuka biyar kore shar, kamar gona bayan ruwa. Baba ya leƙo ya yi murmushi, ya ce, "Kai, zamani! Ina zaune ina ganin komai." Ita kuwa direbobi suna gaya mata abin da ke ƙasa. Ta rame, abinci ya daina shiga. Mama ta ce soyayya ce ke cin ta. Amma ba soyayya kaɗai ba ce.

Wata safiya ta ga an rubuta an gama rufin asibiti. Jiya-jiya direba ya ce mata ko katako ba a kai ba. Ta miƙe ta ɗauki makulli.

"Baba, zo in kai ka wani wuri."

Suka tarar da ginin buɗe ga sama. Ruwa ya kwanta a ɗakuna, fulasta tana zubowa, buhunan siminti sun daskare sun zama duwatsu. Baba ya zauna kan bulo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar mitin, Baba. Ƙarya na yi maka."

"Na ɗauka ɗa ɗaya ne ya rufe mini ido. Ashe biyu ne."

Maganar ta fi mari zafi. Ta durƙusa a cikin laka tana kuka, bai ce ta tashi ba.

Masu asibitin suka karɓe aikinsu, ma'aikata talatin suka rasa abin yi. Bayan kwana goma Baba da kansa ya taka har inda Injiniya ya koma aiki, ya ba shi haƙuri. Da yamma wayar Auta ta yi ƙara. Injiniya ne.

"An ce ke kika kai Baba wurin da kanki."

"Ni ce. Na makara."

"Kin makara. Amma ban nemi wata ba, jira nake in ji ko za ki faɗa."

An yi auren bayan wata uku, kamfanin kuma ya koma kan manhajar da aka ƙi, ayyuka huɗun da suka rage suka tsira. Mai haƙuri ya dafa dutsensa ya sha romo. Sai dai Yaya bai zo bikin ba, har yau kuma in Auta ta gaishe shi, bango yake kallo. Mama takan yi tagumi ta ce, "Ni na jawo."

'Ya'yana, ku riƙe wannan. Rufa wa ɗan'uwa asiri da ƙarya ba zumunci ba ne, rami ne ake haƙa wa gida duka. Gaskiyar da za a faɗa yau a ɓata rai na kwana biyu, in aka ajiye ta sai ta yi tsami, ranar da aka buɗe kuwa kowa sai ya sha ɗacinta.