Injunan da Ba a Taɓa Kunnawa Ba

A ɗakin ajiyar asibiti suka fara haɗuwa, a shekarun da take ɗaliba, tana binciken yadda na'ura ke shiga rayuwar jama'a. Shi ne mai gyaran na'urorin asibitin. Ta iske shi tsakanin injunan gwajin jini guda shida, duk suna cikin ledarsu.

"Me ya same su?"

"Lafiyarsu ƙalau. Ba a taɓa kunna su ba."

"To wa aka tambaya kafin a sayo?"

Ya yi dariya. "Sarkin Tambaya, ko gaisawa ba mu yi ba!"

Sunan ya bi ta. Har yau tana ajiye da saƙonsa na farko: "Sarkin Tambaya, yau na gyara inji uku, amma zuciyata ta ƙi gyaruwa."

Ta amsa: "Injiniya, kawo ta in duba. Wataƙila ita ma ba a taɓa kunna ta ba."

Rahotonta ya fito da zafi: marasa lafiya na tafiyar yini guda neman gwajin da injinsa ke kulle a bayansu. Kuma gaskiya ta faɗa. Haka muke har gobe, mu sayo, mu ɗauki hoto, mu kulle!

Ashe mahaifin Injiniya, tsohon shugaban asibitin, shi ya sa hannu aka sayo injunan. Sai ga Injiniya ya kai masa maganar aurenta.

"Yarinyar da ta kira ni mai sakaci a rubuce? Ba dai a gidana ba," in ji tsohon.

Injiniya ya roƙe ta ta cire babin da ya taɓa mahaifinsa daga rahoton. Ta ƙi. Mako biyu ba saƙo, ba kira.

Sai ta tuna ta zauna da masu jinya, da majinyata, har da masu shara, amma ba ta je wurin tsohon ba. Ta je ta durƙusa.

"Baba, na yi maka hukunci ban ji ta bakinka ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da tsohon fayil.

"Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta a turo mai koya mana aiki da su. Ko ɗaya ba a amsa ba. Shekara tara, 'yata, ke ce kika fara zuwa."

Ba ta cire babin ba. Ta ƙara wasiƙun a ciki, ta goge kalmar sakaci daga kansa.

Ranar ɗaurin aure tsohon ya dafa kafaɗar ɗansa, ya dube ta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari. Kai kuwa ka shirya, wannan ba ta ƙyale kowa."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Amin, Baba."